Allon Takara a Ƙofar Gidana da Shari'ar Jikata

Orval Teague,
Titin Mesquite, Caddo Wells, Texas.
14 ga Janairu, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Alƙalan Yanki.

Ranka ya daɗe,

Game da: Roƙon a ɗauke shari'ar riƙon jikata daga gaban Mai Shari'a Lorene Haskew

Ni makaniki ne, ban yi karatun lauya ba, abin da na sani a ɗakin karatu na gari na tsinta. Ina gabatar da kukana cikin ladabi.

1. Gwamna ya naɗa Mai Shari'a Haskew a kotun gundumarmu a 2011. Ta ci zaɓe a 2012, ta koma a 2016 da 2020 ba abokin hamayya. Ban taɓa jin an ce ta zalunci kowa ba, wannan ma yana cikin abin da ke damuna.

2. Gidana a kan kwanar titi yake. Duk ɗan takarar da ya roƙa, nakan bar shi ya kafa allon takararsa a farfajiya. Bara lauya Curtis Bayne ya fito neman kujerarta, ya roƙa, na bari. Ita ba ta roƙa ba.

3. Ranar 19 ga Oktoba, 2024, ta ƙwanƙwasa ƙofata tana neman ƙuri'a. Ta dubi allon, ta yi dariya, ta ce lallai ba za ta manta gidan nan ba. Ni ma na yi dariya. Ta ci zaɓen da ratar ƙuri'a 212.

4. Ranar 11 ga Fabrairu za ta yanke ko Marlee, 'yar marigayiya 'yata, mai shekara bakwai, za ta zauna a hannuna ko ta bi uban da bai leƙo ta ba shekara biyar. Wataƙila wasa ne Mai Shari'a ta yi. Na juya maganar har na gaji, na kasa jingina yarinyar nan a kan wataƙila.

5. Kalma ɗaya za ta kwantar mini da hankali, wato in faɗa wa Mai Shari'a wanda na zaɓa. Amma idan na faɗa, ashe na je sayen hukunci da ƙuri'ata ke nan.

Don haka ina roƙon a miƙa shari'ar ga alƙalin da bai san ƙofata ba, kafin ranar yanke hukuncin. Allon yana nan, ruwa ya cinye rubutunsa. Ban cire ba, don idan na cire yanzu, shi ma roƙon alfarmarta ne.

Naka cikin girmamawa da biyayya,
Orval Teague