Kun Ce Ƙwarewa Za Ku Auna, Sai Kuka Auna Zaman Kujera

Zuwa ga Shugaban Sashen Karatun Manya,
na kwalejin al'ummar da na yi rajista a cikinta a nan Riyadh.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ban kama sunanka ko na kwalejinku ba, domin ba tozarta ka na zo yi ba. Kai dai ka san da kai nake. Da Hausa na rubuta saboda da ita nake iya faɗin abin da ke cina ba tare da harshena ya sarƙe ba, kuma ina son 'yan uwana da ke unguwar Batha su karanta kafin wani ya sake kai kansa. Wani ɗalibi ɗan garinmu ya yi alkawarin juya maka ita zuwa Larabci.

Sunana Habibu Lawal, mutumin Funtuwa. Shekaruna arba'in da bakwai, sha huɗu daga ciki a garin nan na yi su ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wadda a nan ake ce wa mukayyif. Gidajen unguwar Badi'a da na hau rufinsu da tsakar rana ba su ƙirguwa. Duk da haka, abin da aka rubuta a iƙamata, katin izinin zamana a ƙasar nan, shi ne "amil", wato lebura. Da kamfaninmu ya sanar cewa ba zai sabunta kwantiragin duk mai gyaran da ba shi da takardar shaidar sana'a ba, sai muka ga tallarku. Kun ce shiri ne na manya masu aiki. Kun ce ba sai mutum ya zauna a aji shekara da shekaru ba; ya zo ya nuna abin da ya iya, mataki-mataki, duk matakin da ya ƙware a wuce da shi. Ni da abokin aikina Malam Isufu, dattijo mutumin Maraɗi, muka je muka yi rajista rana guda. A mota muna dawowa yana ta dariya kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Ga abin da ya biyo baya, ranka ya daɗe.

Na ɗaya. Matakai takwas kuka tsara, na ci shida a wata huɗu, dukkansu na aikin hannu. Ba ni na ba kaina maki ba, injiniyanku ne, wanda ɗalibai ke kira Abu Fahad. A gwaji na huɗu ya ɓata abubuwa uku a jikin wani mukayyif, ya ce in nemo su. Na nemo ukun, na kuma nuna masa na huɗu, wani ɗan yoyon gas a bakin bututu wanda shi kansa bai san da shi ba. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Wa ya koya maka?" Na ce masa, "Zafin garinku." Ya yi dariya, ya sa hannu a takardata. Wannan takarda tana ofishinku. Ka sa a ciro maka ita.

Na biyu. Bayan mataki na shida sai ga saƙo a waya, wai ba za a ba kowa shaida ba sai ya cika sa'o'in zaman lacca, kuma laccar da safe ake yin ta. Babu wannan sharaɗi a takardar da muka sa wa hannu. Na sa an karanta mini ita sau biyu. Ranka ya daɗe, da safen nan ne muke bakin aiki. Da a ce safiyarmu tamu ce, me zai kawo mu shirin masu aiki? Na roƙi shugaban aikinmu ya riƙa sakina kwana biyu a mako. Ya ce lokacin zafi ne, kira ya yi yawa, in zaɓa tsakanin aji da iƙama. Ban ga laifinsa sosai ba. Shi bai taɓa yi mini alkawarin komai ba. Ku ne kuka yi.

Na uku. Sau huɗu ina zuwa ofishinku. Tagar farko ta tura ni ta biyu, ta biyu ta ce mai sa hannu yana taro, in dawo "bukra", wato gobe. Gobe ba ta ƙarewa a ofishinku. A zuwa na huɗu wani magatakarda ya tausaya mini ya faɗa mini gaskiya: kwamfutar da ke fitar da shaida ba ta da gurbin rubuta abin da mutum ya iya, sa'o'i kawai take karɓa. To in haka ne, ashe kun tallata hajar da ba ku da ita. Ko kun san da hakan kuka yi shiru, ko ba ku sani ba kuka tara mu. Ban san wanne ya fi muni ba.

Na huɗu. Na daure na ajiye aiki rana ɗaya na halarci laccar, don kada a ce ban gwada ba. Malamin yana karanto mana daga littafi yadda ake zuƙe iska daga bututu kafin a zuba gas, abin da na ci gwajinsa tun a mataki na biyu. Mukayyif ɗin ajin kuwa yana ta ɗigar da ruwa cikin wani bokiti da aka ajiye a ƙasansa. Da aka fita hutu malamin ya ja ni gefe, ya ce ya ji ni gwani ne, ko zan duba musu. Na duba, magudanar ce ta toshe, na hau na buɗe ta. Kafin in sauko in wanke hannu an kira suna. Da na duba waya da yamma, an rubuta ban halarci rabin lacca na biyu ba. Na koma wurin malamin, ya ce abin ya riga ya shiga kwamfuta, ba shi da ikon gogewa. Ajin ya yi sanyi, ni kuma an rubuta ba na nan.

Na biyar, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Malam Isufu shekarunsa hamsin da biyar. Bai yi boko ba, allo ya yi. Amma in ya yi waldar bututun tagulla, sai ka rantse daga masana'anta ya fito haka. Duk gwajin hannu ya ci, wasu ma ya fi ni maki. Shi ya samu mai sakinsa da safe, ya cika sa'o'inku, yana zaune a aji kamar gunki. Sai kuka kawo jarrabawar ƙarshe a kwamfuta, da Larabcin littafi, agogo na gudu a gefen allo. Mutumin da Larabcinsa na kasuwa ne da na bakin aiki, wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Ya roƙi a yi masa tambayoyin da baki, aka ce babu wannan a tsari. Ya faɗi. Kamfani bai sabunta masa ba, aka buga masa bizar fita ta ƙarshe. Ni na ɗauki jakarsa zuwa inda zai hau mota a Batha. 'Ya'yansa mata biyu suna makarantar koyon jinya a Maraɗi, da gumin nan yake riƙe su. Bai zagi kowa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Habibu, in ka ga mudir ɗin nan, shugabansu, ka tambaye shi mene ne ban iya ba." Ban samu ganinka ba, ranka ya daɗe, shi ya sa na kawo maka tambayar nan a bainar jama'a. Wanda aka ɗauka a gurbinsa yana da takarda mai hatimi. Tun da ya zo, sau uku ana mayar da ni in sake waldar da ya yi.

Ba sadaka muka nema ba, ba mu kuma ce a ɗaga mana ƙafa ba. Mu baƙi ne a ƙasarku, mun san iyakarmu, ba mu saba ɗaga murya ba. Amma baƙunta ba ta hana a cika wa mutum alkawari.

Don haka ina roƙon abu uku. A ba ni damar yin matakai biyun da suka rage a kan sharaɗin da na sa wa hannu, a gaban duk injiniyan da kuka zaɓa; in na kasa, ku kayar da ni, ba zan ce uffan ba. A rubuta wa Malam Isufu shaidar matakan da ya ci, da hatiminku, zan aika masa. Ko ba ta dawo da shi Riyadh ba, zai nuna ta a Maraɗi ya samu aiki. Sannan in ba za ku iya gyara kwamfutarku ba, ku gyara tallarku, ku rubuta ƙarara cewa shirin na masu safiya ne kuma masu Larabcin littafi. Akwai mutum bakwai a gidan da nake haya da suke shirin zuwa rajista. Na ce su dakata sai na ji daga gare ka.

Iƙamata za ta ƙare bayan Babbar Salla. Amsar da ta zo bayan nan, ba ni za ta tarar ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka jagora a kan amanar da ke wuyanka, ya shirya maka zuri'a. Ranar da za a auna ka, Allah ya sa a duba abin da hannunka ya aikata, kada a ce maka babu gurbin rubuta shi.

Wassalam.

Habibu Lawal,
mai gyaran mukayyif,
Batha, Riyadh.