Manhajarmu Ta Shiga Gwaji

Yaya Sani,

Sallama mai ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali.

An gwada manhajar rahoton da muka gina wa ofishinmu na Doka. Ma'aikata na aiki da ita, ina kallo. Duk wanda ya rikice sai ya ce, "Laifina ne, Malam, ta yi kyau." Da aka ce in fita don su saki jiki su faɗi ra'ayinsu, ta ƙofa na ji wata tana cewa, "Wallahi da biro nake haɗa nawa." Sauran suka amsa cewa su ma haka.

Ashe furfurata suke yabo. Na amince a sake ta daga tushe. Na nemi baitin makoki in yi wa manhajar, zuciya ta yi tsit, ban ji komai ba.

Gai da yara. Ka roƙa mini Allah ko zafin ne in ji.

Ƙaninka,
Bala