Koriya Ta Tashi, Baba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana da rai ma miƙo mini za ka yi, ka ce in karanta maka don tabaranka ya ɓata, alhali yana saman goshinka. To yau ni ce mai rubutawa, ni ce mai karantawa. A tsakar gida nake zaune, na jingina da darbejiya, tsakanina da kai bai fi taku uku ba. Nan maƙwabta suka rufe ka lokacin da hanyar maƙabarta ta gagara bi saboda yaƙi.

Babban labari shi ne Koriya ta tashi. Motarka mai ɗaki da gado da murhu, wadda Inna ta yi shekara talatin tana cewa ba mota ba ce kuma ba gida ba ce, ta je Mai Wurno ta dawo da ƙafafunta. Amma bari in bi maka abin daki-daki, domin akwai maganar da na ɓoye maka a ciki.

Wata huɗu ke nan da na dawo unguwarmu Dar Salam. Na tarar rufin ɗakuna biyu ya tafi, ƙofofi sun tafi, har tulun ruwa ba a bari ba. Koriya kuwa tana nan inda ka saba ajiye ta, a kan bulo, ba taya ko ɗaya, gabanta a buɗe, cikin injin wayam kamar ragon da aka feɗe. Gadon kaɗai ya tsira, don ƙarfe ne ka haɗe shi da jikin motar, kuma wata kyanwa ta haihu a kai. Na tsine wa ɓarayi iya ƙarfin bakina. Ka san bakina, ba sai na maimaita maka ba.

Ban daɗe ba dattawan unguwa suka zo suka ce duk waɗanda aka rufe a cikin gidaje za a mayar da su maƙabarta kafin damina ta sauka. Na aika wa Inna saƙo can gidan Goggo Asabe a Mai Wurno. Ba ka sani ba, Baba, bara ɓarin jikinta na hagu ya shanye, ba ta iya zama, sai kwanciya. Amsarta ba ta da tsawo. Ta ce a tsaye ta bar ka a bakin ƙofa, kuma kada wanda ya taɓa ka sai ta zo ta ga inda ka kwanta a gidan da kuka gina da hannunku. Wace bas ce za ta ɗauki mace a kwance tafiyar wuni guda? Wace motar asibiti zan samu, mutane na mutuwa a bakin asibitin ma ba a samu ba? Gado mai tafiya ɗaya na sani a duniya, ga shi nan a kan bulo da 'ya'yan kyanwa a ciki. Ranar na ce a raina, ko da haƙora ne sai na tayar da motar nan.

Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, na ji ƙarar da na sani tun ina goye. Na fita na ga rawayar motar abokinka makanike Usta Idris na Bahri, 'yar'uwar Koriya. Ya tsufa, Baba, sai ka dube shi sau biyu. Gidansa ya ƙone, a cikin motar yake kwana yanzu, da ita kuma yake jigilar ruwa yana samun na abinci. Ya je kanka ya yi addu'a ya daɗe, sannan ya ce in zo in taya shi sauke kaya. Lagireton Koriya ne, a naɗe cikin bargo. A gefensa ga alamarka, ɗigo uku da kake bugawa da ƙusa da guduma, a jere kamar duwatsun murhu.

A bakinsa na ji abin da ka yi. Ashe ɓarawon da na wuni ina tsine wa kai ne. Da ka ga ana kwashe duk motar da ke motsi, sai ka kwance Koriya da kanka, ka raba kayan cikinta ga abokanka, kowa ya tafi da amanarsa. Masu wawaso sun leƙo sun ga gawa sun wuce. Na janye tsinuwar, Allah Ya sa ba ta iso ka ba.

Tun ina yarinya nake yi wa taronku dariya. Tsofaffi bakwai da motoci bakwai da Turawa masu ratsa hamada suka yar a Bahri tun kafin a haife ni, kowace Juma'a a gidan ɗaya, a ci dafaffen waken ful a kwano guda, a shiga ƙarƙashin mota a yi ta musu har la'asar. Da dokarku cewa ba a sayar da ƙarfe a tsakaninku, bayarwa ake yi da alamar mai shi a jiki, ranar da ya buƙata ya koma gida. Na ɗauka wasan tsofaffi ne. Yanzu ku bakwai saura huɗu a gari, kuma duk huɗun sun zo.

Baffa Tijjani ya kawo dinamo a cikin raksha mai ƙafa uku, ya rungume shi kamar jariri. Ammu Usman, wanda shekara arba'in yana tare da ku bai iya Hausa ba sai zagi, ya tono tayoyi huɗu daga ƙarƙashin rumfar awakinsa ya kawo a karo, keken jaki, jakin na nishi shi ma yana nishi. Har matar marigayi Malam Sale ta aiko da sitata cikin buhun gawayi, ta ce mijinta ya bar wasiyya a kai. Ni nake dafa ful, ni nake wanke ƙarafa da jaz, man dizal, kuma idan aka zo wurin da hannun tsoho ba ya kaiwa, ni nake shiga. Ai kai ka koya mini. Ba ka haifi namiji ba, ka mayar da ni yaron mota tun ina shekara tara, Inna na faɗa kana cewa in miƙo sifana.

Juma'a shida muka yi a haka. A ta bakwai komai ya koma mazauninsa sai abu ɗaya, turumba, famfon da ke tura jaz cikin inji. Suka yi ta tambayar juna wa ka ba. Baffa Tijjani ya ce wataƙila tana wurin ɗayanku da ya tafi Masar, Ammu Usman ya ce a tona tsakar gida. Ni kuwa ina tsugunne ina goge abin da na riga na goge, domin na san inda take.

Ka tuna safiyar da muka fita ni da Inna? Ka ƙi bin mu, ka ce wani ya tsaya wa gida. Ka miƙo mini ƙunshi mai nauyi a cikin tsohuwar jallabiyarka, ka ce amana ce, kada ta bar hannuna. Bayan Jabal Auliya motar da ta ɗauko mu ta sauke mu, muka kama tafiyar ƙasa. Ƙafafun Inna suka kumbura, rabi tana takawa rabi ina goya ta, ƙunshin nan yana yankar mini kafaɗa. Da rana ta take na zauna a bakin wata busasshiyar magudanar ruwa na kwance shi. Na gane ta nan take. Baba, raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba. Na ce mutumin nan matarsa na mutuwa a hanya, shi ƙarfen motarsa ya dame shi. Na wurga ta cikin magudanar, na ji ƙarar faɗuwarta, kuma na ji daɗi. Jallabiyar na riƙe na yi wa Inna inuwa da ita. Sau biyu muka yi waya da kai bayan haka kafin layi ya yanke, sau biyun ka tambayi amana, sau biyun na ce tana nan lafiya. Da ƙaryata a kunnenka ka rasu. Wannan ita ce maganar.

Na miƙe na faɗa musu kamar yadda na faɗa maka yanzu, ban rage komai ba. Baffa Tijjani ya cire hula ya mayar. Na so a ce sun zage ni, da ya fi mini sauƙi. Irin wannan turumba ba a ƙera ta yanzu, kasuwar tsoffin ƙarafa kuma ta zama toka. Ga gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, dattawan unguwa sun sa rana.

Usta Idris ya tashi ya fita waje, ya buɗe gaban motarsa, ya kira ni. Ya sa tsumma ya goge baƙin man da ya daskare a jikin turumbarsa, ya kama yatsana ya ɗora a wurin. Ɗigo uku. Ya ce shekara ashirin da wani abu tasa ta mutu a gonakin Gadarif ana tsakiyar girbi, kai ka kai masa wadda ka ajiye don ɓacin rana, kuma ba ka sake tayar da maganar ba. Na ce masa idan ya cire ta motarsa ta zauna ke nan, da me zai yi jigilar ruwa? Abin da ya ce ban manta ko harafi ba:

"'Yata, kayan ubanki ne, yau ya buƙata. Ke kin zaɓi uwarki kin yar da ƙarfe, wallahi da shi ne a wurin abin da zai yi ke nan. Miƙo sifana."

Na miƙa, Baba. Ina kuka na miƙa.

Kwana uku muka yi muna daidaita ta. Usta yana kafa sukudireba a jikin inji ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya ce a matsa kaɗan, a dawo kaɗan, har Ammu Usman ya ƙare zaginsa na Hausa ya koma na Larabci. Rana ta uku da hantsi ta yi tari sau biyu, ta tofar da baƙin hayaƙin da ya kori kajin maƙwabta, sannan ta kama. Ka ji ta? Ai ba yadda za a yi ba ka ji ba, ƙasar da kake ciki ma girgiza take. Motar Usta kuwa mun turo ta cikin gida kusa da rumfa. Nan yake zaune yanzu, tukunyarmu ɗaya, kuma na yi rantsuwa ba zan huta ba sai na samo mata turumba, ko da zan koma magudanar nan in bi ta taku-taku.

Ni na tuƙa zuwa Mai Wurno, Usta na gefe yana taka birkin da babu shi a wajensa. Sau biyu ta yi zafi, sau ɗaya taya ta sace, a kowane shinge sojoji sai sun leƙa sun yi dariya sun tambaya ko gidan na haya ne. Maza huɗu suka ɗauko Inna a kan tabarma suka shimfiɗe ta a gadonka. Ta shafa bangon motar da hannunta mai lafiya, ta ce har yanzu warin jaz da albasa take yi. A hanya na gaya mata zancen turumba. Ta ce ta gani da idonta ranar, ta yi shiru ne don ita ma ta so a yar.

Jiya da la'asar muka iso. Na shigo da baya a hankali na tsayar da Koriya a mazauninta, tagar gadon tana kallon darbejiya. Na zuge labule. Inna ta daɗe tana kallon tudun ƙasar da ke kanka, da ɗan kwanon ruwan da maƙwabta suka ajiye wa tsuntsaye. Sannan ta ce, da muryar da take yi maka magana in ka dawo daga tafiya:

"Malam, mun same ku lafiya? Ka tsaya wa gidan. Sannu da ƙoƙari."

Ta ƙi yarda a shigar da ita ɗaki. A motar ta kwana, taga a buɗe, har yanzu da nake rubutun nan ina jin ta tana ba ka labarin wanda ya rasu da wanda ya haihu.

Gobe bayan sallar asuba za a zo a ɗauke ka. Dattawan unguwa sun ce akwai babbar mota da za ta kwashi kowa da kowa, na ce a'a, ubana yana da motarsa. Zan wanke gadon, in shimfiɗa jallabiyarka a kai. Inna za ta koma kan katifa a ƙasa kusa da kai, abokanka huɗu su zauna a baya. An ce mata ba sa raka gawa, na ce ni ba rakiya zan yi ba, direba ce, zan tsaya a bakin ƙofar maƙabarta.

Ka yafe mini ƙaryar nan, Baba. Zan tafi a hankali, ba zan bari ta faɗa rami ko ɗaya ba, kuma a kwanar kasuwa zan sauya giya da wuri yadda kake so, don kada ka ce yarinyar nan har yau ba ta koya ba.

Ka huta lafiya. Allah Ya sada mu a inda ba a rabuwa.

'Yarka, yaron motarka,
Rakiya