Ƙugiyar Tsoho Liang da Giwan Ruwan Yawuri

Sanyuanli, Guangzhou,
14 ga Maris, 2007.

Zuwa ga Yaya Maidaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk mutanen bakin ruwa. Allah Ya ƙara wa Baba Tankari sauƙin ƙafarsa. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Hafsah ta saba da gari, har ta iya cin shinkafa da tsinke tana yi mini dariya.

Na ji daɗin labarin cewa sababbin ƙugiyoyin sun riƙe, masunta sun dawo rumfarka. Ya kamata ka san hannun da suka fito. Ka tuna bara da giwan ruwa ta riƙa miƙar da waɗanda na aiko kamar allura, har ana cewa ƙaninka ya je Sin ya koyi ha'inci. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai. Na yi ta yawo da wata miƙaƙƙiyar ƙugiya daga cikinsu a kasuwannin Liwan, kowa sai ya kaɗa kai ya ce babu mai ƙarfin da nake nema. Daga ƙarshe aka kwatanta mini wata masana'anta a bayan gari.

Shugabanta a lokacin shi ne Tsoho Liang. Da lanƙwasa waya ya fara yana saurayi, ya yi shekara arba'in a sana'ar, har ya zama shi ke haɗa wa Amurkawa kayan fatsar wani kifinsu da suke kira bas. Ban zaci ko ƙofa za a bar ni in wuce ba, don kayana ko kusurwar kwantena ba za su cika ba. Amma da ya jujjuya ƙugiyar, sai ya tambaye ni wace dabba ce ta yi mata haka. Bai yarda kifi ba ne sai da na nuna masa hoton Baba rungume da wata mai tsawon mutum. Yaya, dattijon nan ya tuɓe kwat ya sauka wajen injin da kansa. Wata uku yana gwadawa, yana rataya buhunan yashi a ƙugiya, mataimakansa na gunaguni. Da ya ajiye aiki watan jiya, sai da ya rubuta cewa a ci gaba da ƙera mana irinta ko ba ya nan. Ban san bakin da zan gode masa ba.

Yanzu yana kwance da ciwon huhu. Na je duba shi ranar Lahadi, ya rame sosai. Ya gaya mini cewa masu gasar kamun bas in sun kama kifi, aunawa suke yi su mai da shi ruwa da ransa, kuma shi ya sha wuya kafin masu gasar nan garin su yarda da haka. Na yi ta danne dariya, ina tunanin fuskar Baba in ya ji. Sai dattijon ya ce shekara arba'in yana ci daga bakin kifi, abu ɗaya yake roƙo. Babbar giwan ruwa ta gaba da ƙugiyarsa za ta kama, a ɗauke ta hoto, a sake ta, a aiko masa ya gani.

Na san abin da nake nema. Na san za a taru a bakin ruwa a ce Maidaji ya zautu, kuma dariyar a kanka za ta ƙare, ni ina nan nesa. Amma shi ya wanke mana suna bai taɓa ganin Yawuri ba, kuma 'yarsa ta ce likitoci ba sa sa ran zai kai lokacin daminarku. Ka yi haƙuri, ban jira amsarka ba. Na riƙe hannunsa na ce masa yayana zai yi.

Ka gaishe mini da Baba, da Anti Sabuwa, da Jumai da yaranta. Hafsah na gaishe ku. Allah Ya ba ka sa'ar ruwa da wuri.

Ƙaninka,
Mas'udu