Mutumin da Nura Ya Ɗora Kan Tanki

Takur, Dutse
Laraba, 9 ga Satumba

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya jikin maiɗakinka? Mu nan da sauƙi, sai ciwon ƙafar nan.

Tun da ka koma Fatakwal ba ka tako gida ba, ko ta'aziyyar Innarmu sai ta waya. Na daina jiranka, amma ban manta ba.

Labarin da ɗanka Nura ya rubuta ya iso, na zamanin da ruwa zai cinye garuruwa, mutum ɗaya ya rage yana zaune kan tanki. Ya ce in duba masa tunda na taɓa koyarwa. Hausarsa ba laifi.

Na karanta wa 'yan majalisarmu bayan la'asar. Malam Ado tela ya ce, "Wallahi wannan ya huta, ba maƙwabci ba suruki!" Aka yi ta dariya. Alhaji Buba, wanda ambaliya ta ci shanunsa bara, ya ce, "To in ya mutu, wa zai sallace shi?"

Ka gaya wa Nura, mutumin nasa ko sau ɗaya bai tuna waɗanda ya binne ba. Nan ya kuskure.

Ka gaida kowa, ku sa mu a addu'a.

Makon jiya na je ƙauyenmu na wajen Jahun. Ruwan bana ya bi ta maƙabarta, ya tafi da fasasshiyar tukunyar da na kafa alama. Na yi ta zagaye har magariba. Ban gane kabarin Innarmu ba.

Yayanka,
Garba