Addu'ar Abinci a Gaban Soja

Baban Kwaji,

Na tafi zumuntar mata, ban tashe ka ba.

Har yanzu dariya nake. Jiya a shingen Bulabulin soja ya ga Littafi Mai Tsarki a jakarka, ya ce in da gaske Kirista ne kai, ka yi Addu'ar Ubangiji. Sai na ji kai, dattijon ikilisiya guda, ka fara, "Ya Uba, ka albarkaci wannan abinci." Allah ya sa dariya ta kama sojan, ya ce mu wuce.

Littafin yana kan kular kunu. Ka haddace addu'ar kafin ka sha. In na dawo ka kasa, matar fasto za ta ji, kuma ka san bakinta.

Maman Kwaji