Carbin da Ke Aljihuna

Zuwa ga Maharaj Gangaram, jagoranmu a ibada. Bayan gaisuwa da girmamawa, yaya ƙafar Inna?

Ni Bhikaji, da hannuna na rubuta wannan. Ina lafiya a Mumbai. Sai dai an soya kifi a wani biki, abokina Dattu ya ce, "Kai waliyyi, cire carbin mana, aljihu ba shi da ido!" Na cire carbin itacen tulsi mai tsarki da kuka rataya mini ranar da na yi alkawarin barin nama da kifi, na sa shi a aljihu, na ci kifin. Yau kwana tara na kasa mayar da shi wuyana. Ku yanke mini hukunci, amma kada Inna ta ji.

Shaidu: Dattu, Sopan mai shayi, da Vitthal abin bautarmu, wanda aljihu bai tare masa gani ba.